Ba A Gadon Gona Ta Waya

"Ƙara ja, Pifa. Wannan ɗaurin naki ko kaza ba zai riƙe ba."

Don Apolinar ne yake ba ni umarni, mutumin da tun shekaranjiya ko ruwa sai da cokali ake ɗura masa. Na ƙara jan igiyar da na zagayo ƙirjinsa da ita ta bayan kujerar, har na ji haƙarƙarinsa ta cikin bargo. Na ce, "Kawu, in na ƙara ja zan raba ka gida biyu."

"Sai ki kai rabi rafi, ki binne rabi a nan. Kin ga an rage wa mijinki kaya."

Mijin nawa, Fidencio, yana tsugune a bakin ƙofa yana duba majanyin fatar da zai ɗora a goshi, yana jan ɗinkin da yatsa ko zai ga inda ya saki. Bai yi dariya ba. Shi dama dariyarsa sai ranar biki. Shekararsa hamsin da bakwai, kuma rabonsa da goya mutum a kujera tun lokacin da ya sauka da mahaifiyarsa asibiti, kafin a yi mana hanyar mota.

Shinge ɗaya ya raba gidanmu da na Don Apolinar tun da aka kawo ni Lachiba ina amarya. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa guda ce, Hermelinda, ita kuwa shekara goma sha huɗu ke nan tana Los Angeles tana gyaran ɗakunan otal. Ba ta da takardun zama, saboda haka in ta fito ta fito ke nan, ba komawa. Duk Lahadi takan kira shi, ya fito tsakar gida yana ihu a waya kamar mai kiran wani a ƙetaren kwari, mu kuma mu sha labari ta kan shinge ba tare da mun tambaya ba.

Bari in faɗi abin da ke raina tun yanzu, kada wani ya ɗauke ni waliyiya. Ina son gonarsa. Gonar kofi ce a gangaren da ke ƙarƙashin idon ruwa, ba ta san fari ba. Shekara shida ke nan da gwiwoyinsa suka ƙi shi, ni da Fidencio ne muke sassabe, muke tsinka, muke goyo buhu mu hauro da shi gari, sannan a raba amfanin biyu. Tamu gonar dutse ce zalla, masara ma da ƙyar take yarda. Na san kowace bishiya a wurin nan, wasu da hannuna na dasa su.

A garinmu kuwa ƙasa ta gari ce, mutum riƙo yake yi. Da mutane suka yi ta kwarara Amurka, aka bar gidaje a kulle, gonaki suka koma jeji, sai taron gari ya zauna ya yanke cewa ba a gadon gona ta waya. Mai gona zai faɗa da bakinsa, ya nuna magajin da yatsansa a gaban shaidu biyu, kuma ƙafar magajin tana kan ƙasar Lachiba. In ya mutu ba a yi haka ba, gona ta koma hannun gari, gari ya bai wa wanda yake nomanta. Wato mu ke nan. Ni kaina na ɗaga hannu ranar da aka yanke wannan doka, lokacin ban san za ta zo har bakin shingena ba.

Da aka gaya wa Hermelinda ubanta ya daina cin abinci, ta bar komai ta hau jirgi. Sai dai kwana uku ana sheƙa ruwa, dutse ya zabtaro ya rufe hanyar mota, motar da ta shigo daga Oaxaca ta juya. Ita ta sauka, ta kama tsohuwar hanyar alfadarai da ƙafa, ta kwana a wani ƙauye can ƙetare. Da gari ya waye aka kira mu daga ƙauyen ta rediyon oba-oba aka ce ta kamo hanya. Duk wani mai ƙarfi a garinmu yana wajen zabtarewar, aikin gayya ne, ba a tsallake shi, mu masu furfura aka bari. Numfashin Don Apolinar kuwa ya fara irin wanda duk macen da ta taɓa jinya ta sani. Ba zai kai lokacin da za ta hauro gari ba. Shi ne ya ce, to, a sauka da shi.

Don Nicanor, shugaban kwamitin ƙasa, ya shigo da sandar muƙaminsa a hannu, roka ɗaya irin ta bikin coci tana leƙowa daga jakarsa. Mutum ne da in doka ta ce a auna, sai ya auna ko da gidansa yana cin wuta.

Ya ce, "Rafi ne iyaka, kun sani. Ni zan yi gaba in tsaya a bakin ruwa. Da zarar ta taka wannan gefen zan harba. Apolinar, daga kwanar gicciye ana hango rafi. In kun kai nan, ka ji ƙara, ka nuna ta ka faɗa, magana ta zauna. Amma kafin ƙara, maganarka iska ce."

"Nicanor, kai ko ƙofar aljanna aka ba ka tsaro sai ka tambayi mala'ika takarda."

"Zan tambaya kuwa. Kai dai ka riƙe ranka."

Ya fita. Na ja Fidencio madafi wai zan ba shi kunun masara. Ina miƙa masa kwanon na ce ƙasa-ƙasa, "Hanya da santsi. Ba wanda zai zarge ka in ka tafi a hankali."

Ya ɗago ido ta saman kwanon. "Me kike nufi?"

"Abin da na faɗa. Kai ma ba yaro ba ne, ga bayan nan naka."

"Bayan nan shekara shida yana ɗauko masa kofi, ban ji kin tausaya masa ba."

"Shi ne ai! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. 'Yar tasa ko launin 'ya'yan kofi ta manta."

Ya shanye kunun, ya goge baki da bayan hannu, ya ce, "Kowa ya ci ladan kuturu, Pifa." Bai ƙarasa ba, ya bar ni da kwano a hannu. Na ji kunya, kunyar kuma ta juye ta zama haushi, har na kai wa kare ƙafa a bakin ƙofa ba laifin da ya yi.

Fidencio ya tsuguna ya ba kujerar baya, na ɗora masa majanyin a goshi, ya dafa sanda ya miƙe da nishi ɗaya. Wanda aka goya a kujera baya yake kallo. Ni ce a baya, ɗauke da gorar ruwa da 'yar kwalbar giyar meskal, saboda haka duk tsawon tafiyar nan fuska da fuska muka yi da tsohon, ba inda zan kai idona sai ƙasa.

Muka bar gidajen ƙarshe, muka shiga gangare. Jar laka tana kama takalmi, hazo yana zuwa yana wucewa. Shi kuwa yana kallon gari yana ƙara hawa sama yana barinsa.

Ya ce, "Dubi rufin cocin can. Ni na hau na buga kwanon nan, shekarar da aka yi girgizar ƙasa."

"Shi ya sa yake yoyo."

Ya yi wani abu mai kama da dariya, tari ya kama shi. Na jiƙa masa leɓe. Muka ci gaba da gangarawa. Fidencio dama ba ya iya magana in majanyi yana goshinsa, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi, sai dai ka ji sandarsa tana neman wurin tsayawa kafin ƙafa ta bi.

Mun kusa dutsen da ake sauke kaya a huta, tsohon ya buɗe ido ya ce, "Kina son gonar nan, Pifa."

"Wa ya gaya maka?"

"Yadda kike taɓa ganyen. Ko Fidencio ba ki taɓa shi haka."

"Kawu, ka adana numfashinka. Na wani wuri ne."

"Na san ku kuka raya ta. Ba na musu." Ya tsaya, ya jawo iska. "Amma yarinyar nan ta rufe ƙofa a bayanta saboda ni. In ta iso ba uba, ba gona, me zai riƙe ta a nan? Za ta sake neman hanya ta hamada. Kin san yadda aka dawo da ɗan Eleuterio."

Na sani. A akwati aka dawo da shi, uwarsa ma ba a bari ta buɗe ba. Amma zuciyata ba ta shirya yin laushi ba tukuna. Na ce, "Mu kuma mu ci dutse?"

"Ke bakinki kaɗai ya isa ya fasa dutse."

Na mayar da idona kan hanya. Da wani lokaci ne da na mayar masa da uku.

A dutsen hutu Fidencio ya jingina kujerar, ya zame majanyin, ya kurɓi ruwa. Bai kai mintin biyar ba ya sake tsugunawa. Na ce ya ƙara hutawa, wannan karon kuma da gaske nake, don na ga ƙafarsa tana rawa. Ya dubi ƙirjin tsohon, ya ce, "Ɗora mini."

Ƙasa da nan ruwa ya cinye rabin hanyar. Abin da ya rage bai fi faɗin tafin ƙafa biyu ba, dutse a dama, kwari a hagu, ba ka ganin ƙarshensa saboda hazo. Fidencio ya bi da gefe-gefe. Ya yi taku uku lafiya, a na huɗu laka ta tafi da ƙafarsa, ya faɗi kan gwiwa, kujerar ta karkata ta leƙa kwarin. Na saki gorar ruwa na cafki ƙafar kujerar, ina jin gorar tana karo da duwatsu tana gangarawa har ƙararta ta ɓace.

"Kada ki ja! Riƙe kawai!" Karo na farko da Fidencio ya ɗaga murya ke nan tun da muka baro gida.

Na riƙe. Ya dasa sanda, ya miƙe a hankali, wandonsa ya yage, jini yana bin ƙwaurinsa. Muka wuce wurin. Don Apolinar bai yi ihu ba, bai kuma yi wasa ba, nan ne tsoro ya kama ni sosai. Daga wannan girgizar numfashinsa ya koma irin na ja, a tsaya, a tsaya, har sai ka fid da rai sannan ya sake ja. Ba ruwa, sai na riƙa tsoma yatsa a meskal ina shafa masa a leɓe.

Ina cewa, "Kawu, saura kaɗan. Kawu, ka ji ƙarar rafi?"

Ni da na ce a tafi a hankali, ni ce kuma nake ce wa Fidencio ya ɗaga ƙafa. Kada ku tambaye ni, ni ma ban gane kaina ba.

Hantsi ya yi sosai muka kai kwanar gicciye. Wurin ƙunci ne, ba inda za a ajiye kujera. Fidencio ya juya ya fuskanci dutse, ya dafa shi da hannu biyu, don fuskar tsohon ta kalli kwari. Hazo ya ɗage. Can ƙasa ga rafi ya cika ya yi jajir, gungumen da muke takawa ruwa ya tafi da shi, saura igiyar ƙarfen da ake riƙewa. A wannan gefen ga Don Nicanor da hularsa, ɗan mitsitsi. A wancan gefen ga wata mace cikin jar riga mai kauri, tana sauke jaka daga baya.

Na ce, "Kawu, buɗe ido. Ga ta can."

Ya buɗe. Ya daɗe yana nema, sannan na ga fuskarsa ta sake. Ya ce, "Ta yi ƙiba." Hawaye ya bi gefen hancinsa. "Ɗaga mini hannu."

"Ba ta tsallako ba tukuna. Tsaya a harba."

"Ɗaga, na ce."

Na sa tafina ƙarƙashin gwiwar hannunsa na ɗaga. Ya miƙe yatsa. Muryar ba ta fi ta mai raɗa ba, amma kowace kalma ta fita sarai.

"Waccan 'yata ce, Hermelinda. Gonar idon ruwa tata ce, daga itacen fiya har tsagaggen dutse. Kun ji?"

"Mun ji, Kawu. Amma sai ka maimaita in an harba. Ka san Nicanor."

Ya ce, "To."

A ƙasa, Hermelinda ta kama igiyar ƙarfen ta sa ƙafa a ruwa. Ruwan ya kai mata cinya, ta ja da baya ta fito. Ina hango Don Nicanor yana yi mata alama da sanda. Ta cire jar rigar ta ɗaura a kugu, ta yi alamar gicciye a ƙirji, ta sake shiga. Na juyo zan ce wa tsohon ta shiga, sai na ga ya saki numfashi. Na jira ya ja. Na ƙara jira. Idonsa a buɗe yake yana kallon rafi, amma babu kowa a cikinsa.

Fidencio bai juyo ba, ba ma halin ya juyo. Goshinsa yana kusan taɓa dutse ya ce, "Pifa."

"Na'am."

"Kayan ya sake."

"Na sani."

Ƙarar ruwa kawai ake ji.

Abin da ya rage mini shi ne in sauke hannun. Shi ke nan. In sauke, in ƙwala wa Don Nicanor kira in ce an yi rashi, gona ta zama tamu. Ba sata, ba zamba, doka ce da gari ya yanke, ko fadan coci ba zai ce na yi zunubi ba. Mun goyo shi, mun yi iyakar yinmu, jinin mijina ma yana ƙasa. Na ga bishiyoyin nan a idona ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda na dasa bara waɗanda ba su fara haihuwa ba.

Na leƙa ƙasa. Ruwa ya kai mata ƙirji, ya kwashe ƙafafunta, tana rataye da igiyar da hannu biyu. Ta tsaya cak a tsakiya, ba gaba ba baya. Sai ta ɗaga kai ta kalli inda muke. Daga can ba za ta ga fuska ba, abin da za ta gani shi ne mutum a kujera da hannu a miƙe. Na san in hannun nan ya faɗi za ta gane, kuma ban san ko za ta ci gaba da riƙe igiyar ba. Tausayinta ya kama ni, ya kama ni da ƙarfi, ba tare da na gayyace shi ba.

Fidencio ya ce, "Ja masa hular nan ƙasa. Iska tana dukan fuskarsa."

Shekara talatin da ɗaya da aure, na san abin da yake faɗa. Na sa ɗaya hannun na ja hular ta rufe idon. Na gyara tsayuwa, na tallafe gwiwar hannun da kyau, na ɗora babban yatsana ƙarƙashin nasa don kada ya lanƙwashe.

Hannun tsoho ne da bai fi sanda kauri ba, amma sai ya yi mini nauyi kamar taɓarya. Kafaɗata ta ɗauki zafi. Na fara addu'ar Ubanmu, na kai ƙarshe, na sake farawa. A tsakanin addu'a kuma zaginta nake ƙasa-ƙasa. "Tsallako mana, 'yar nema! Shekara goma sha huɗu ba ta ishe ki ba, sai kin ƙara mana da wannan? Matsa hannu, sakarya, matsa!" Ina zagi ina kuka, ga ƙafafun Fidencio suna kakkarwa a gefena.

Sau huɗu na kai ƙarshen addu'ar. A na biyar ta kai inda Don Nicanor ya miƙa mata sandar muƙami, ta kama, ya jawo ta, ta faɗi rub da ciki a kan yashi. Ya sunkuya a jakarsa. Rokar ta tashi da hayaƙi, ta fashe a saman kwari, duwatsu suka amsa. Na bar hannun a sama kamar tsawon lokacin da mutum zai faɗi magana biyu, sannan na sauke shi a hankali na ɗora masa a cinya.

Muka gangara. Ba mu kai rabin hanya ba muka haɗu da su suna haurowa, ita a gaba, ba takalmi a ƙafa ɗaya, ruwa yana ɗiga daga gashinta. Ta tafi tana yarinya siririya mai kitso biyu, yanzu ga mace da furfura a goshi. A wani ɗan fili Fidencio ya sauke kujerar, ya zauna a ƙasa inda yake.

"Baba! Baba, na zo!" Ta ɗaga hular. Sai ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa. Ba zan kwatanta kukan ba.

Don Nicanor ya cire hularsa ya yi alamar gicciye a ƙirji. Ya ba ta lokaci, ba laifi, ya ba ta. Sannan ya matso kusa da mu, ya dogara sandar a ƙasa, ya koma shugaban kwamiti, har da kirana da cikakken sunana.

"Epifania, Fidencio. Na hango hannu daga ƙasa, amma ban ji murya ba. Ya faɗa?"

Na ce, "Ya faɗa. Ya kira sunanta, ya ce gonar idon ruwa tata ce, daga itacen fiya har tsagaggen dutse."

"Kafin ƙara, ko bayan ƙara?"

Tun ina yarinya ake cewa ba ni da linzami, amma ƙarya ba ta cikin halina, duk garin sun shaida. Na dube shi ido cikin ido na ce, "Bayan ƙara."

"Fidencio?"

"Ni baya na ba shi, Don Nicanor, ban ga komai ba. Amma kunnena yana aiki. Yadda ta faɗa haka ne."

Don Nicanor ya sunkuya ya taɓa hannun mamacin, ya riƙe shi ɗan lokaci. Ya ce, "Ya yi sanyi da wuri."

Na ce, "Ka san iskar kwanar gicciye. Taɓa nawa ka ji."

Bai taɓa ba. Ya dube ni, ya dubi jinin da ya bushe a ƙwaurin Fidencio, ya dubi matar da ke kuka. Ya ce, "Kun san abin da wannan shaidar ta raba ku da shi?"

"Mun sani. Kada ka sa in sake faɗa, ba daɗi take mini ba."

"Shaidar da ta cuci mai ita, ni ba na tona ta." Ya mayar da hularsa. "Magana ta zauna."

Haka aka sanar a taron gari na watan da ya biyo baya, ba wanda ya ɗaga yatsa. Yanzu Don Nicanor ma ya bi bayan abokinsa, shi ya sa na saki baki. Har yau in na bi ta ƙarƙashin idon ruwa na ga bishiyoyin nan sun yi jajir da 'ya'ya, wani abu yakan tokare ni a ƙirji. Ban yi nadama ba, amma ban daina jin zafi ba, kuma duk wanda ya ce ba a haɗa biyun nan a zuciya ɗaya bai taɓa dasa kofi ba.

Ranar dai, maza huɗu daga wajen aikin gayya da suka ji ƙarar roka suka gangaro, su suka karɓi kujerar suka hauro da shi. La'asar ta yi muka shiga gari, ana buga ƙararrawar coci. Mata suka cika gidansa suna shirya shi, ni kuwa na ja Hermelinda madafina, don ƙafafunta ba sa kalluwa. Tafin ya tsattsage, farce ɗaya ya fita. Na zaunar da ita a kan benci, na zuba ruwan ɗumi da gishiri a daro, na sa ƙafafun a ciki. Na gasa mata tortiya biyu, wainar masararmu, na miƙa mata.

Ta ce, "Inna Pifa, a tsakiyar ruwan nan na yi niyyar saki. Hannuna ya mutu. Sai na ɗaga kai na ga yana nuna ni."

Na ce, "Ci abincinki."

"Ya ga na tsallako?"

Na juya wa murhu fuska ina gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Na ce, "Ya gani. Har cewa ya yi kin yi ƙiba."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ma ya gaji ya tsaya. Ta gutsuri tortiyar sau ɗaya. Kafin in ɗauko tulun ruwan zafi in juyo, ta jingina kai da bango barci ya ɗauke ta, sauran tortiyar tana hannunta a cinya. Na taɓa ruwan daron na ji ya fara hucewa. Na tsuguna na riƙa ƙara mai zafi kaɗan-kaɗan ta gefe, don kada ya taɓa ƙafar ya tashe ta.